Yadda Ake Zaɓen Maratayin Bindiga da Saita Shi Daidai Jiki

Mutum zai zuba kuɗi a kan bindiga, ya ɗaura mata madubi, ya sa mata fitila, amma in aka zo kan maratayi sai ya ɗauko duk igiyar da ta zo hannu. Na sha ganin haka a filin atisaye, kuma tun kafin a harba harsashi goma matsalar take bayyana. Doguwar bindiga hannu biyu take ci. Ranar da kake buƙatar hannuwan nan don buɗe ƙofa, ko ɗaukar yaro, ko kiran waya, ko danne wa wani rauni, maratayi ne kaɗai zai riƙe maka ita a jikinka, bakinta na kallon ƙasa, ba sai ka jingine ta inda wani zai kai hannu ba.

Bayanin nan na wanda doka ta ba shi damar riƙe bindiga ne, ko jami'in tsaro, ko mai gadi mai lasisi, ko wanda ya mallake ta bisa ƙa'ida don kare gidansa. In wurin aikinka yana da irin maratayin da ya wajabta, to shi za ka bi, amma matakan saitawa da gwaji duk za su yi maka amfani.

Kayan da za ka tanada

Bindigar kanta, babu harsashi ko ɗaya a cikinta.
Maratayin da kake son gwadawa. In da hali ka ari iri biyu ko uku wajen abokan aiki kafin ka sayi naka.
Mahaɗai, wato ƙugiyoyi ko zobba masu maɓalli da za su haɗa maratayin da bindiga.
Ainihin kayan da za ka sa in za ka riƙe bindigar: rigar sulke in kana sawa, rigar sanyi, jakar ƙirji, bel.
Almakashi mai kaifi, laita, da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta.
Alli ko alƙalami don sa alama.
Roba mai faɗi. Wadda aka yanko daga tsohon tiyub na keke ta wadatar.
Sukudireba ko makullin da ya dace, in za ka ɗaura wa bindigar sabon mazaunin zobe.

Mataki na 1: Sauke bindigar

Ka juya bakinta inda ba kowa. Cire gidan harsashi tukuna, sannan ka ja maɗana baya, wato hannun da ake ja don ɗana bindiga, ka leƙa makwancin harsashi da idonka, ka kuma taɓa da yatsa. Wanda ya fara jan maɗana kafin ya cire gidan harsashi ya tura wani sabo ciki ke nan bai sani ba. Harsasai su bar ɗakin gaba ɗaya. A aikin nan za ka yi ta jujjuya bindiga a jikinka, bakinta zai wuce kusa da ƙafarka sau da yawa, don haka babu rangwame a nan.

Mataki na 2: Amsa wa kanka tambayoyi huɗu

Awa nawa bindigar za ta yi a jikinka? Mai tsayuwa bakin ƙofa awa takwas da wanda tasa ke kulle a akwati sai ranar tsautsayi ba abu ɗaya suke nema ba. Nawa ne nauyinta? Bindigar M4 ba harsashi tana kusan kilo 3, G3 kuwa ta haura kilo 4, kuma madubi da fitila da cikakken gidan harsashi za su iya ƙara kilo guda ko fiye. Wane hannu kake harbi da shi? Bahago yana da nasa lissafin, zan zo kansa. Sannan ina za ka fi motsi da ita: cikin mota da lungunan gida, ko fili da doguwar tafiya?

Mataki na 3: Zaɓi irin maratayin

Ana raba su ne da yawan wuraren da suke kama bindiga.

Mai kama wuri ɗaya zobe ne da ke zagaye jikinka, ya kama bindiga a wuri guda, yawanci bayan mariƙin hannu inda gindi ya soma. Daɗinsa sauƙin motsi: kana iya mayar da bindiga daga kafaɗar dama zuwa ta hagu ba abin da zai tare ka, kuma a cikin mota da gajeriyar bindiga yana da kyau. Aibinsa sai ka saki bindigar za ka gan shi. Tana reto tsakiyar jikinka, in ka yi gudu ta bugi gwiwa ko mara, in ka durƙusa bakinta ya nutse cikin ƙasa, in kuma ba ka jima da harbi ba bututu mai zafi ya kwanta maka a cinya. Ba ka iya mayar da ita baya ta zauna. Na yi kusan shekara da irin wannan, kuma duk lokacin da na sunkuya ɗaukar wani abu sai hannu ɗaya ya koma riƙon bindiga. To in hannu ɗaya zai zauna a kanta, me maratayin ya tsinana?

Mai kama wuri uku ya yi tashe zamanin da bindigar MP5 ta kamfanin Heckler & Koch, wato HK, ke hannun rundunoni na musamman da yawa. Yana da madauki a jiki da kuma wani ɗauri da ke bin gefen bindiga daga gaba zuwa baya. Yana riƙe bindiga da kyau, amma ɗaurin gefen nan yana kwanciya kan maɓallan da kake buƙata, musamman a dangin bindigar AR-15, wanda M4 ke ciki, ga bahago kuma yana iya tare ƙofar da kwanso ke fita. Igiya ta yi yawa, wurin sarƙewa ya yi yawa. Yau ba kasafai masu koyarwa ke ba da shawararsa ba, ni ma ba na bayarwa.

Mai kama wuri biyu shi ne tsohon yayi, gaba da baya. Sojan Amurka sun daɗe da na fata samfurin 1907, wanda ake zarge shi a damtse don bindiga ta tsaya cak lokacin harbin nesa. Yana da kyau ga gasar harbi, amma saita shi yana cin lokaci. Abin da ya canja lissafi shi ne majayi: wani ɗan bakul mai harshe da kake ja da hannu ɗaya, maratayin ya tsuke ko ya saki nan take. Larry Vickers da Kyle Lamb, dukansu tsofaffin sojojin rundunar Delta ta Amurka, kowanne ya fito da nasa. Na Vickers kamfanin Blue Force Gear ke yin sa, kuma ba shi da wutsiya mai reto. Na Lamb, wato VTAC na Viking Tactics, yana da wutsiyar da ake ja, yana tsukewa sosai, sai dai wutsiyar na iya maƙalewa a wani abu in ba a killace ta ba. Magpul na da MS1 mai irin wannan aiki, da MS3 da MS4 waɗanda ake iya mayar da su masu kama wuri ɗaya in an so.

Shawarata ga mai farawa ba ta da kwana: mai kama wuri biyu mai majayi. In ka tsuke shi bindiga ta manne a ƙirji ka yi aiki da hannu biyu, in ka sake shi ka ɗaga ka auna, in kana son hawa tsani ko ɗaukar wanda ya ji rauni ka jefa ta baya. Sunan kamfani ba shi ne abin dubawa na farko ba. Ka ja majayin da hannu ɗaya: in yana tafiya sumul, kuma ba ya zamewa da kansa in bindiga ta yi masa nauyi, ya ci jarrabawa.

In babu mai majayi a inda kake, na soja na yau da kullum ma yana aiki. Ka saita shi a tsaka-tsaki, ka koyi zare hannunka na hagu daga ciki in kana buƙatar sarari, ya zama a wuya kaɗai yake rataye na ɗan lokaci.

Mataki na 4: Dubi faɗi, ƙyalle da ɗinki

Yawancinsu inci 1 ne ko inci 1.25, wato wajen santimita biyu da rabi zuwa uku da ɗoriya. Mai inci 1 ya fi sauƙin zamewa a kan kaya, amma da bindiga mai nauyi yana yankan wuya. Mai soso a kafaɗa yakan kai inci 2. In bindigarka ta haura kilo 4, ko za ka yini da ita ba rigar sulke, ɗauki mai soso. In kana sa sulke, sulken ya riga ya tare maka, soson sai ya zama ƙarin kaya mai riƙe gumi.

Nailan mai saƙa irin ta bel ɗin mota shi ne ya fi jure ruwa da rana. Ka murza shi a yatsu. Wanda ya cika santsi bakul ba ya riƙe shi, wanda ya cika kaushi yana goge fatar wuya. Fata tana da kyau a ido, amma tana miƙewa in ta jiƙe, tana kuma neman mai a kai a kai. Mai roba a ciki, wanda ke talewa, yana sa bindiga ta riƙa tsalle in kana gudu, ni ba na son sa a doguwar bindiga.

Ka buɗe wurin ɗinki ka duba. Ɗinki mai kyau murabba'i ne da gicciye a ciki, ko layuka masu kauri da aka maimaita. Layi ɗaya siriri ba zai kai ka ko'ina ba.

Mataki na 5: Zaɓi mahaɗai

A nan ne bindigogi suka fi faɗuwa. Hanya mafi aminci ita ce ka zura maratayin kai tsaye cikin zoben bindiga ko ramin da ke jikin gindi, ka mayar da shi cikin bakul. Babu ƙara, babu abin da zai ɓalle. Sai dai cire shi yana ɗaukar lokaci.

Zobe mai maɓalli, wanda za ka ga an rubuta QD a jikin kwalinsa, yana da ƙananan ƙwallaye na ƙarfe da ke kama cikin wani rami a jikin bindiga. Ka danna maɓalli ya fita, ka tura ya shiga. Yana da daɗin aiki, amma yana yaudara. Wata rana a atisaye na tura nawa na gaba, na ji kamar ya shiga, ban ja na tabbatar ba. Ashe yashi ya taru a ramin, ƙwallayen ba su buɗe duka ba. Muna cikin tafiya na saki bindiga don in gyara jakata, sai gaban ya ɓalle, bakinta ya daki tsakuwa. Tana kulle, ba abin da ya tashi, amma sai da na tsaya na duba bututu ko ƙasa ta shiga, kuma madubin ya goce daga saiti. Tun ranar, duk sanda na tura zoben nan sai na fizge shi da ƙarfi sau biyu, kuma ina busa ramin kafin in sa. Ka nemi na ƙarfe mai nauyi wanda maɓallinsa ya ɗan nutse ciki, don kada kayan jikinka su danna shi. Ramin ma iri biyu ne: akwai wanda zobe ke juyawa a ciki ba iyaka, akwai mai hana shi zagayawa. Na biyun ya fi, domin na farkon yana barin maratayi ya murɗe kamar igiyar guga.

Ƙugiya irin ta HK tana da ƙarfi kuma tana shiga ƙananan zobba, amma tana ƙara, tana kuma goge fentin bindiga. In ita ce da kai, naɗe ta da salatif ko ka zura mata guntun tiyub.

In bindigarka ba ta da wurin maƙalawa inda kake so, akwai mazaunin zobe da ake ɗaurawa a layin Picatinny ko a ramukan M-LOK, wato wuraren ɗaura ƙarin kaya da ke jikin wasu bindigogi. In wannan ma babu, igiyar laimar sauka daga jirgi mai lamba 550, wadda ke ɗaukar kusan kilo 250, tana yin madauki mai kyau. Ka ninka ta biyu, ka ƙulla sosai, ka ƙone bakinta. Amma kada ka zagaya ta a bututu ko kusa da inda hayaƙin harbi ke bi. Wurin yana zafi ƙwarai bayan gidan harsashi biyu ko uku, nailan kuwa narkewa yake yi.

Mataki na 6: Zaɓi inda zai kama

Ƙa'idar mai sauƙi ce. In wuraren biyu sun yi nisa da juna, wato can gaban mariƙi da can ƙarshen gindi, bindiga tana kwanciya a jiki ba ta reto, kuma maratayin yana taimaka maka tsayar da ita lokacin auna. In sun matso kusa da juna, tana da sauƙin juyawa amma tana lilo. Mai farawa ya soma da nesa, daga baya ya matso da na gaba in ya ga yana tare masa hannu.

Mai harbi da dama ya sa na gaba a gefen hagu na mariƙi. Na baya kuwa, in gindin yana da rami a gefe biyu, gwada na gefen dama, wato na waje, maratayin ya hau ta saman gindi. Da farko za ka ga kamar kuskure ne, amma in ka mayar da bindiga kafaɗar hagu za ka ji bai shaƙe ka ba. Bahago ya juya komai. Kada ka yi amfani da zobban da ke ƙarƙashin bindiga irin na mafarauta in kana da zaɓi, domin in ka rataya ta a ƙirji kifewa take yi, madubi ya kalli ƙasa.

Yawancin AK zobbansu a hagu suke, maɗana da makullin kariya, wato maɓallin da ke hana bindiga tashi, kuma a dama, don haka mai harbi da dama ba shi da damuwa. Bahago ne zai ji maɗana na tokarar cikinsa, sai ya ɗan sassauta. A G3 maɗana tana gaba ta hagu, ka tabbata maratayin bai kwanta a hanyarta ba.

Mataki na 7: Saita tsawo

Sa kayanka duka tukuna. Maratayin da aka saita a kan singileti ba zai shiga kan sulke ba.

Mai harbi da dama ya zura kansa da hannunsa na hagu, maratayin ya taso daga gindin bindiga, ya hau kafaɗar dama, ya ratsa baya, ya fito ta ƙarƙashin hammatar hagu. Majayi ya kasance a gaba, inda hannun hagu zai same shi ba tare da ka duba ba.

Tsuke majayin har ƙarshe. Yanzu da bakul ɗin baya za ka yi aiki: rage ko ƙara har bindiga ta manne a ƙirjinka, gindinta kusa da kafaɗar dama, bakinta ƙasa ta gefen ƙafar hagu, ba kan ƙafar ba. Ka iya numfashi, amma in ka sunkuya kada ta bar jikinka. Sannan saki majayin har ƙarshe, ka ɗaga ta kafaɗa. Ya kamata gindi ya zauna ba tare da ka ja da ƙarfi ba, ka kuma iya mayar da ita ɗaya kafaɗar. In a sake bindiga tana sauka har gindinta ya wuce cibiya, ya yi tsawo. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, mutum na tafiya bindiga na dukan gwiwoyinsa.

Sa alama da alli inda bakul ya tsaya. Kada ka yanke komai tukuna.

Mataki na 8: Gwada shi da gaske

Har yanzu ba harsashi. Rufe makullin kariya, saki bindiga, yi tafiya, yi sassarfa, hau matakala. Durƙusa, kwanta rub da ciki, tashi. Shiga mota ka fito. Bi ta ƙofa ka ga ko madaukin zai kama mariƙin ƙofa. Cire gidan harsashi ka mayar sau goma, ja maɗana, ka lura ko maratayin yana shiga tsakani. Jefa ta baya ka dawo da ita, kana kula da inda bakinta ke nunawa a duk juyin, domin a nan ne mutane ke share abokansu da bakin bindiga ba su sani ba.

Bayan kowane motsi ka dubi makullin kariya. A dangin AR-15 yana gefen hagu, wato gefen da ke gogar jikin mai harbi da dama, kuma jakar ƙirji na iya buɗe shi. In ya buɗe, sannan wata igiya ko bakin alƙalami ya shiga wurin kunama, bindiga za ta tashi ba wanda ya taɓa ta. In ka ga haka ya faru ko sau ɗaya, canja wurin jakar ko tsawon maratayin, ka sake gwaji daga farko. Duk abin da ke reto a ƙirjinka ka killace shi.

Sai bayan wannan ka je filin atisaye ka gwada da harsashi, a gaban mai koyarwa in kana da shi. Gwada harbi a tsaye da maratayin a ɗan tsuke, hannun hagu na tura shi gaba. Za ka ga rawar bakin bindiga ta ragu.

Mataki na 9: Gyara wutsiya ka naɗe

Ka yi sati biyu ko uku kana amfani da shi kafin almakashi ya taɓa shi. In za ka yanke, bar rarar da ta kai tsawon tafin hannu saboda kayan sanyi. Ƙone bakin da laita har zaren ya haɗe, ka mayar da rarar ta cikin bakul ta koma baya, sannan ka naɗe da salatif. In maratayin na wurin aiki ne ba naka ba, kada ka yanke, ninke rarar ka ɗaure.

Bindigar da ke ajiye don kare gida tana son ƙarin abu ɗaya. Maratayi mai reto yana kama duk abin da ya samu lokacin da kake ciro ta cikin duhu. Ninke shi kamar ana ninke tef ɗin awo na tela, ka danne shi a jikin gindi da robar tiyub, ka bar ɗan madauki a waje wanda babban yatsa zai shiga. Fizga ɗaya ya warware. Ka tabbata robar ba ta danne maɗana ko makullin kariya ba, ka kuma gwada warwarewar har hannunka ya saba. Robar tana tsufa ta tsage, sai a riƙa canja ta.

Mataki na 10: Dubawa lokaci zuwa lokaci

Duk sanda ka share bindiga, bi maratayin da yatsu daga gaba zuwa baya. Inda ya lanƙwasa a cikin zobe nan yake fara cinyewa, sai kusa da bututu inda zafi ke sa shi ƙyalli da tauri. Bakul na roba in ya fara fari a gefe ko ya nuna tsaga, canja shi. Sukurorin mazaunin zobe suna kwancewa da girgizar harbi, ka taɓa su da makulli. In gumi da ƙura sun sa majayi ya yi tauri, cire maratayin ka wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa, kada ka sa masa man bindiga, domin mai yana sa bakul ya riƙa zamewa. In ka mayar da shi, duba alamar allinka, ka kuma fizgi kowane mahaɗi sau biyu kafin ka saki bindigar a kansa.